Gandun Dajin Dindir: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Jawabin ɗan takararmu ga 'yan kan iyaka mazauna Alsawra, Umdurman, gabanin zaɓen Afrilu 2010

 

Iyayenmu dattawa, malamanmu, iyayenmu mata da ke can gefe, 'yan uwa samari, sannunku da zuwa, sannunku da haƙurin zama. Na san da yawanku daga kasuwa kuka wuto nan, ko gida ba ku leƙa ba. Mafi yawanmu a Alsawra muke kwana, amma cibiyarmu tana binne a bakin Rahad, ko bakin Dindir, ko gabas da Rusairis. An ce za a buga maganar nan a takarda a ba direbobin lori su kai Gadarif da Hawata da Singa da Damazin. Saboda haka da ku nake magana, da kuma wanda za a karanta wa ita a gindin tsamiya bayan la'asar.

Maganar daji ɗaya ta kawo ni yau, gandun dajin Dindir, wanda ake ce wa Hazira da Larabci. Duk lokacin zaɓe sai wani ya zo ƙauyukanku ya ce in kun zaɓe shi zai buɗe gandun, kowa ya shiga ya noma, kowa ya yi kiwo. Ana tafa masa, ya hau mota ya tafi. Ni ba zan yi muku wannan alkawari ba. Ina roƙonku ku saurari dalilina kafin ku yanke hukunci a kaina.

Turawan Ingila ne suka shata gandun a 1935, shekara biyu bayan wata yarjejeniya da aka ƙulla a Landan kan kare namun dajin Afirka. A lokacin mutanenmu sun yi kusan shekara talatin a bakin Nil Azrak. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Mai Wurno ya iso da jama'arsa, suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa kusa da Sinnar. Daga nan ƙauyukan Hausa da Fulani da Barebari suka yi ta bazuwa a bakin koguna. Ina faɗin wannan ne domin akwai masu maganar gandun kamar mu ne baƙin da suka zo suka tarar da shi. A 1979 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren da duniya ke kulawa da su. A 1983 gwamnatin Numeiri ta ƙara masa murabba'in kilomita 2,630, har faɗinsa ya kai kusan dubu goma, ya taɓa jihohi uku: Sinnar, Gadarif da Nil Azrak. Mutanen Magano, waɗanda ke zaune a gindin dutsensu tun kafin a yi gandun, suka wayi gari suna cikinsa. Ba su suka matsa ba, iyaka ce ta matso ta same su.

Yanzu ku ba ni dama in tuna muku yadda dajin nan yake rayuwa, ko da yake dattawan da ke nan sun fi ni sani. Kogin Dindir da kogin Rahad daga tsaunukan Habasha suke gangarowa. Da damina suna cika su yi ambaliya, da rani su tsaya, sai 'yan kududdufai a cikin yashi. Ruwan ambaliyar nan shi ke cika fadamun da muke kira maya, irin su Ras Amir da Abdul Gani. Maya ita ce rumbun dajin. Tana riƙe ruwa da ɗanyar ciyawa har tsakiyar bazara, lokacin da ko'ina ya bushe. Amma da damina baƙar lakar nan ba ta zaunuwa, ga ƙudan cizo, ko mota ba ta shiga. Saboda haka namun daji da yawa ba sa yin damina a cikin gandun. Fita suke yi zuwa filayen da ke kewaye, su yi kiwo, su haihu, in ruwa ya ɗauke su komo maya. Makiyayi ma haka yake, damina ya yi arewa wajen Butana, rani ya gangaro kudu ta burtalinsa. Ashe gandun da aka zana a taswira rabin gida ne. Ɗaya rabin yana waje.

To, wancan rabin na waje shi aka cinye. An fara noman tarakta a Gadambaliya kusa da Gadarif tun shekarun 1940. A 1968 aka kafa hukumar noman inji, da bashin Bankin Duniya, aka shiga yanka fili ana rabawa, mashru'i ɗaya fadan dubu ko dubu da ɗari biyar. A 1970 aka yi dokar da ta ce duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba ta gwamnati ce. Wanene cikin kakanninku ya taɓa yi wa gonarsa rajista? A 1971 aka rushe mulkin gargajiya, aka kawar da nazir da umda waɗanda suka san inda burtali ya bi da ranar da ake buɗe shi. Bayan filayen da hukuma ta tsara, masu kuɗi suka ci gaba da sare daji ba tsari, har tarakta ta kai bakin iyakar gandun. Masu waɗannan gonaki mafi yawansu 'yan kasuwa ne da manyan ma'aikata da hafsoshi masu ritaya, ana yi musu noma suna Gadarif ko Hartum. Kuma zan faɗi gaskiya ko da ta shafe mu: ba duka ne 'yan jam'iyya mai mulki ba. Akwai 'yan adawa a cikinsu, wasu ma muna gaisawa. Amma gwamnatin nan ta kusa cika shekara 21 a kan mulki, tana sayar da man fetur tun 1999. Da ta so gyarawa da ta gyara. Maimakon haka yanzu har masu zuba jari daga ƙasashen waje ake kira ana ba su fili.

Sai kuma farin 1984 da 1985 ya koro dubban mutane daga Darfur da Kurdufan, suka sauka a bakin Rahad domin nan ne akwai ruwa. Ba laifinsu ba ne, yunwa ba ta neman izini. Ƙauyuka suka cika. Yaran da aka haifa a lokacin yau magidanta ne, kowa na neman gonar kansa.

Ku duba inda aka bar talaka. Gabansa gandu, ga ɗan sanda da bindiga. Bayansa mashru'i, ga mai gadi da takardar hukuma. Makiyayi ya gangaro da rani ya tarar an nome burtali, in ya taka gona a ci shi tara, in ya shiga gandu a kama shi a ƙwace wani kaso na garkensa. Namun dajin su ma sun fita da damina sun tarar da dawa da riɗi a inda suke haihuwa. Raƙumin dawa tun shekarun 1980 aka daina ganinsa a Dindir. Barewar nan da Larabawa ke kira aril, wadda dattawa suka ce garke-garke take tafiya, ta riga shi ɓacewa. Mayoyi da dama sun cike da ƙasa, ba sa riƙe ruwa kamar da. In aka tashi neman mai laifi, sai a nuna mai tsintar itace da mai ɗiban zuma. Wannan shi ne an bar jaki ana dukan taiki.

Ina yaro na raka goggona yankan kabar goriba. Da tabarma take ciyar da marayu huɗu. A hanyar dawowa aka tare mu, aka karɓe kabar da laujen, aka ce mu gode Allah ba a tafi da mu ba. Muna fitowa bakin hanya sai ga lori ya wuce maƙare da buhunan gawayi, ba wanda ya ɗaga masa hannu. Ban manta ba. Amma da na girma na gane wanda ya karɓe laujen nan shi ma ɗan talaka ne, an ajiye shi a daji wata da watanni, albashi kaɗan, ba magani kusa, kuma akwai ranar da yake fuskantar mafarauta masu bindigar yaƙi. An rasa rayuka ta ɓangaren makiyaya, an rasa ta ɓangaren 'yan sandan namun daji. Dukansu uwa ce ta haife su. Wanda ya sa hannu a takardar rabon filin bai taɓa kwana a dajin ba.

Ga dalilin da ya sa ba zan ce a buɗe gandun ba. Ku ɗauka gobe an soke shi. A ƙarƙashin dokar ƙasa da muke da ita, filin na gwamnati ne, kuma kun ga yadda gwamnati ke rabon fili. Wa zai riga isa, kai mai fartanya ko mai tarakta goma? Cikin damina uku za a sare dushe da aduwa da bagaruwa a yi gawayi, a shuka riɗi, in ƙasar ta gaji a bar ta a matsa gaba, kamar yadda aka yi a wurare da dama a kewayen Gadarif. Ranar nan babu kaba, babu zuma, babu magarya, babu ciyawar jinka, babu tarwaɗa a kududdufi. Gandun nan, duk da wahalar da yake ba ku, shi kaɗai ne babban dajin da ya rage a yankinmu wanda tarakta ba ta shiga ba. Abin da ya kamata mu nema shi ne haƙƙinmu a cikinsa da ƙasarmu a wajensa.

Za ku ji ana cewa yawon buɗe ido zai warware komai. Ku yi hattara da wannan ma. Sansanin baƙi yana Galagu, a tsakiyar gandun. Daga Hartum mutum zai yini a hanya, ƙarshenta kuma hanyar laka ce da ba ta biyuwa sai da rani, saboda haka kusan rabin shekara ba mai zuwa. Baƙon ƙasar waje sai ya nemi izinin tafiya, ya nemi izinin ɗaukar hoto, ga takunkumin Amurka tun 1997, ga sunan da ƙasarmu ta yi a duniya saboda yaƙi. Masu zuwa kaɗan ne. Kuma wanda ya zo, da motarsa da abincinsa da ruwansa yake zuwa daga birni, ya ga ɓauna da gwambaza da jimina, in ya yi sa'a ya ji gurnanin zaki da dare, ya koma. Ƙura kawai yake bar wa ƙauyukan da ya ratsa. Wa ya taɓa ganin kuɗin ƙofa a makarantar ƙauyensu? Ya ɗaga hannu mu gani.

Amma ba haka abin yake ko'ina ba. A Nijar, a Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, raƙuman dawa sun ragu har suka koma kamar hamsin a 1996. Ba gandu ba ne, cikin gonakin talakawa suke yawo, har waken mutane suke ci. Aka sa samarin ƙauyukan suka zama masu yi wa baƙi jagora, aka taimaka wa ƙauyukan da rijiyoyi da ƙananan rance. Yau raƙuman sun ninka fiye da sau uku. Mu muna da gandu da 'yan sanda da bindigogi, namu sun ƙare. Su da talakawa suka tsare nasu. A Yuganda kuwa doka ce tun 1996, kashi 20 cikin ɗari na kuɗin shiga gandu na al'ummar da ke maƙwabtaka da shi ne.

Ko a nan gida an gwada an gani. A shekarar 2000 aka fara wani shiri a Dindir da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya. Aka kafa kwamitoci a ƙauyuka, aka ba da jarin da ake juyawa, aka raba tukwanen gas don a rage sarar itace, aka yashe wasu mayoyi. Waɗanda suka shiga za su gaya muku a lokacin ne karo na farko da jami'in gandu ya zauna a tabarma ɗaya da mai gari. Da wa'adin kuɗin waje ya cika, abin ya yi sanyi, don gwamnatinmu ba ta ɗauki nauyinsa yadda ya kamata ba. Alhali matsayin da UNESCO ta ba gandun shi kansa kashi uku ya tanada: tsakiya da ba a taɓawa, sai zagayen da ake amfani da shi bisa ƙa'ida, sai na waje inda mutane ke zama suna noma. A 2005 kuma aka sa mayoyin cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu. Ana son lambar yabon a bangon ofis, ba a son sharaɗin da ya zo da ita.

Malamai da ke nan za su gyara mini in na yi kuskure. Keɓe daji ba Turawa suka fara shi ba. A Musulunci sunansa hima. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'i, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza. Kuma ya zo a Muwaɗɗa cewa da Umar ya naɗa mai tsaron hima, ya umarce shi ya sassauta wa mutane, ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, ya tsare ta daga garken manyan attajirai, domin su in dabbobinsu sun halaka suna da gonaki da dabino, talaka kuwa da 'ya'yansa zai zo ƙofar shugaba yana kuka. Ku auna wannan da abin da ake yi a Dindir, inda ake kama mai akuya biyar ana ɗaga wa lorin gawayi hannu.

To me za mu yi in kun ba mu ƙuri'unku?

Babban aikin a wajen gandun yake. Za mu nemi a binciki kowace gonar tarakta da ke kewaye da shi. Wadda aka sare ba izini, da wadda aka karɓa aka bari ba a nomawa, a karɓe ta. A fara da ƙauyukan bakin Rahad da ke cikin iyakar gandun da waɗanda ke jikinta, a ba magidanta gonaki da takarda da sunansu, yadda ba wanda zai tashe su. A sake buɗe burtalai da faɗinsu na asali, a kafa musu alamar siminti, a haƙa hafirai a kansu, a ware makiyayar rani a waje. Makiyayin da ya sami ruwa da ciyawa a hanya ba zai kai garkensa bakin zaki da bakin bindiga ba. Akwai kuma dokar da ta ce mai gonar tarakta ya bar kashi goma cikin ɗari na filinsa ga itatuwa. Tana nan a rubuce. Ku zaga ku ƙirga gonaki nawa suka bi ta.

A cikin gandun, tsakiya ta zauna yadda take, ba noma, ba kiwo, ba farauta, ko ɗan wa ye. Wanda ya zo mini da roƙon a saki ɗan uwansa da aka kama da naman ɓauna, ya sani tun yau ba zan je ba. Amma a zagayen da ke bi mata, kaba da ciyawar jinka da busasshen itace da 'ya'yan itatuwa da su a wasu kududdufai su zama da izini, a lokaci sananne, kuma kwamitin ƙauye ne zai ba da izinin tare da jami'in gandu, kyauta ko da kuɗi kaɗan da rasit. Mai zuma a koya masa amya ta zamani a bakin ƙauye ya daina cinna wa daji wuta. Muna son majalisar kula da gandun da doka ta kafa, wadda manoma da makiyaya da masunta da mata da mutanen Magano ke da kujeru a cikinta, masu ƙuri'a, ba 'yan kallo ba. Muna son kashi 20 na kuɗin ƙofa ya koma ƙauyuka, a liƙa lissafinsa a bangon makaranta. Na riga na gaya muku kuɗin ba yawa a yanzu, kada wani ya ce na yi alkawarin asibiti da shi. Abin da zai fi amfani shi ne aiki: masu tsaro da masu jagora da masu dafa abinci a Galagu a ɗauke su daga ƙauyukan nan, a gyara hanyar Dindir zuwa Galagu, wadda kafin baƙo ya bi ta sau ɗaya, mai naƙuda ta bi ta sau ɗari.

Gandu ɗaya ne, gwamnoni uku, kowa na rabon fili a gefensa ba ya tambayar ɗan uwansa. A ƙetaren iyaka Habasha ta kafa nata gandun na Alatish a 2006, jikin namu. Ɓauna ba ta san iyakar jiha ba, ba ta san ta ƙasa ba. Dole jihohin uku su yi tsarin ƙasa guda, a kuma zauna da Habasha. Yarjejeniyar zaman lafiya ta Nifasha ta 2005 ta ce a kafa hukumar ƙasa ta tarayya, da wata ta musamman a Nil Azrak, don a saurari ƙarar wanda aka ƙwace wa fili. Shekara biyar ke nan ba a kafa ta tarayyar ba. Wannan ce tambayar farko da zan yi a majalisa in Allah ya kai ni.

Akwai abin da ke ƙarƙashin duk wannan, kun san shi. Ba a ba mutum takardar gona sai yana da takardar zama ɗan ƙasa, kuma kun san tambayoyin da ake yi wa Bahaushe a ofishin jinsiyya waɗanda ba a yi wa waninsa. Kun tuna 2008, da wata jarida ta buga maganar da aka jingina wa shugaban ƙasa cewa Hausawa ba 'yan Sudan ba ne. An musanta maganar, amma kun ga abin da ya faru a titunan Gadarif. Mutumin da ake shakkar ƙasarsa, da sauƙi ake kiransa mai kutse a daji.

Za a fara jefa ƙuri'a ran 11 ga Afrilu. Takarda takwas za a miƙa wa kowannenku: ta shugaban ƙasa, ta gwamna, uku na majalisar ƙasa, uku na majalisar jiha. Kada ku gaji a ta biyu ku bar sauran. Maganar filin noma da burtali a hannun gwamna da majalisar jiha take fiye da kowa, saboda haka waɗannan takardu huɗu su ne na gandun Dindir. Alamarmu tana bayan wannan takarda, ku nuna wa iyayenmu mata da tsofaffi ita tun a gida. Wanda ya yi rajista a ƙauye a watan Nuwamba ko Disamba, can zai jefa, ba a Alsawra ba, ya fara tanadin kuɗin mota tun yanzu. Ya kuma riƙe 'yar takardar rajistarsa, kada ya ba kowa ajiya, ko an ce za a ba shi sukari a kanta. Duk ɗan takarar da ya zo ƙauyenku, namu ne ko na wasu, ku zaunar da shi gaban dattawa ku tambaye shi gonar wa zai karɓa don a buɗe burtali, ya faɗi wurin da bakinsa, a rubuta, liman ya ajiye takardar.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum.